Bayani A Kan Masu Kaifin Ji Da Yadda Zaman Birni Ya Yi Musu Nauyi

Ku sani, ya malamai da 'yan kasuwa, a kowace unguwa ta cikin birnin Kano, Zaitawa ce ko Yakasai ko Sheshe, ba a rasa wani mutum wanda jama'a suka kasa gane kansa. Shi ne wanda in an je ɗaurin aure, da an shafa fatiha sai a neme shi a rasa. In an gaya masa magana mai ɗan kaushi da hantsi, yana nan yana jujjuya ta a zuci har bayan lisha. Warin kwata da kowa ya wuce bai kula ba, shi ya hana shi cin abinci. Ya shiga zaure, kafin ya zauna ya riga ya gane akwai biyun da ba sa ga maciji da juna. Akan ce masa miskili, ko mai girman kai. In mace ce, a ce tana da iska, a tafi neman mai ruƙiyya. Alhali kuwa sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Halitta ce, kamar tsawo da gajarta.

Wata malamar sanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Elaine Aron, ita ce ta fito da mas'alar fili a wani littafi da ta wallafa a 1996. A 1997 kuma ita da mijinta Arthur Aron suka tsara tambayoyi 27 na auna wannan ɗabi'a. A ƙiyasinta, cikin kowane mutum 100 akwai 15 zuwa 20 masu irin wannan kaifin ji. Watau ba wai kunnensu ko idonsu ya fi na kowa lafiya ba ne. Abin da ya shiga ne ba ya wucewa haka nan, sai zuciya ta tsaya ta tace shi, ta auna, ta haɗa shi da na jiya da na shekaranjiya. Mai tace kowane abu kuwa lalle ya riga kowa gajiya, kamar yadda rariya mai ƙananan ido take saurin toshewa.

Tun daga tsumman goyo abin yake farawa. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada jarirai 'yan wata 4 da baƙon sauti da baƙon wari da abin wasa mai motsi. Wajen ɗaya cikin biyar suka yi ta harbe-harbe da kuka, wajen biyu cikin biyar kuwa ko a jikinsu. Da aka bi su suna girma, na farkon sun fi yawan ɗari-ɗari da baƙo, ko da yake ba dukansu suka tabbata a kan haka ba. A 2020 kuma aka buga wani bincike da aka yi kan tagwaye 2,868 'yan shekara 17 a Ingila, aka ga wajen kashi 47 cikin 100 na bambancin mutane a wannan hali gado ne, saura kuwa daga abin da kowa ya tarar a rayuwarsa. Akwai saɓani a tsakanin masanan. Waɗansu sun ce ma'aunin Aron mutum ne ke ba da shaida a kan kansa, kuma ya cakuɗe da halin yawan damuwa wanda aka daɗe da sani. Amma likitoci ba su lissafa shi cikin cututtuka ba. Malamin da ya karanta ɗibbu ba zai yi mamaki ba, domin Ibnu Sina da magabatansa sun daɗe da cewa mizajin mutane ya bambanta, abin da ya zama magani ga wannan ya cuci wancan.

Kanon da tana da wurin ajiye irin wannan mutum. Gidan ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana tare zafi, yana tare hayaniya. Akwai zaure na ganin baƙi, akwai soro na ciki inda ba mai shiga sai da sallama. Akwai ƙailula, lokacin da lungu kan yi tsit. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), cike take da sana'o'in da ke bukatar ido mai ganin ƙanƙanin abu: mai ɗinkin aska takwas, da baduku, da mai haɗa turare wanda hancinsa ne jarinsa. Haka marubucin Alƙur'ani da ka, wanda wasali ɗaya ba ya kuɓuce masa. Har wa yau al'ada ta girmama halin. Baturen nan Kirk-Greene, a ɗan littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya lissafa siffofi 10 da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu akwai kunya da hankali da haƙuri da ladabi. Yaron da ba ya ɗaga ido gaban manya a da ɗan albarka ne.

Darajar hali kuwa tana hawa tana sauka kamar farashin gyaɗa. A 1992 Xinyin Chen da abokan aikinsa suka kwatanta 'yan makaranta na birnin Shanghai a ƙasar Sin da na Kanada. Suka tarar yaro mai kunya da taushin zuciya a Sin abin so ne ga 'yan'uwansa, a Kanada kuwa gudunsa ake yi. Da suka sake aunawa a Shanghai a 2002, bayan ciniki da gasa sun mamaye birnin, sai ga shi irin wannan yaro ya koma wanda ake ƙi. Shekara 10 kacal. Ɗan kasuwar da ya ga yadda mai baki ya fi mai kaya ciniki a yau, ya san Kano ma ta kama wannan hanya. Sai dai a lura, kunya dabam, kaifin ji dabam. Aron ta ce wajen 30 cikin 100 na masu kaifin ji masu son jama'a ne da fara'a, gajiya ce kawai ke riskarsu da wuri.

Sa'an nan ga ƙara. Siminti da kwano sun maye gurbin tubali da azara, kwano kuwa ba ya ɓoye sirrin maƙwabci balle na injinsa. Injin markaɗe tun asuba, A Daidaita Sahu da ham ɗinsa tun da aka hana haya da babur a 2013, janareta a bakin taga in an ɗauke wuta, lasifikar biki har tsakar dare, waya a aljihu ba ta barin kowa ya kaɗaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara a 2009 kada ƙarar dare a wajen ɗakin barci ta wuce ma'aunin desibel 40, watau kamar unguwar da ta yi shiru. Janareta a lungu ya wuce nan nesa. Kowa yana cutuwa, amma mai kaifin ji shi ke fara biya.

To, ina mafita? Ba gudun mutane ba ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban kaɗaita. Ya kawo fa'idodinta 6, ya kawo na cuɗanya da mutane 7, bai yanke hukunci ɗaya ga kowa da kowa ba, ya mayar da abin ga halin mutum da halin waɗanda zai zauna da su. Wannan shi ne adalci a mas'alar. Wanda ya san taron suna na cinye masa ƙarfin yini guda, ya je da sassafe ya yi barka, ya sauke hakkin zumunci, ya koma. Ba a wajabta masa zama har a watse ba. Mai rumfa ya yi lissafinsa da odar kayansa da safe kafin kasuwa ta cika, ya riƙe ƙailularsa ko da rabin sa'a ce a masallaci bayan azahar. Kada ya yanke babban ciniki da la'asar sakaliya, kansa ya riga ya cika, domin a nan ne dillali mai matsi ke cin galabarsa. In da hali ya haɗa gwiwa da ɗan'uwa mai baki, wannan ya tari masu saye da masu taurin bashi, shi kuwa ya riƙe littafi da zaɓen kaya, inda idonsa ke gane jabu tun daga nesa. Ya rage shayi mai kauri da goro bayan magariba, gama irinsa sun fi jin su a jiki.

Nauyi mafi girma yana wuyan malaman allo da iyaye. Masana biyu, Boyce da Ellis, sun nuna a 2005 cewa yaro mai kaifin ji ya fi kowa lalacewa a hannu mai tsanani, ya kuma fi kowa kyau a hannu mai sauƙi. Yawancin yara kamar tumfafiya suke, ko a juji sai su tsiro. Wannan kuwa alkamar Kadawa ce, sai da ban ruwa a kan kari, amma in ta samu ba a haɗa ta da tumfafiya. Bulala ɗaya da wani almajiri zai manta kafin a tashi, shi tana iya kulle masa harshe mako guda, har a ce daƙiƙi ne, alhali tsoro ne ya hana hadda zama. Tsawar da aka yi wa na kusa da shi ma ta ishe shi. A zaunar da shi gefe, a biya masa da murya ƙasa-ƙasa, a ga abin da zai fito.

Haka amaryar da aka kawo gidan yawa, ta fito daga ɗakin uwarta ta faɗa cikin faccaloli da 'ya'yansu da rediyo uku. In ta shige ɗaki ta saki labule bayan ta gama girki, ba raini ba ne. Miji ya yi wa mahaifiyarsa bayani tun kafin magana ta yi tsami. Amma in abin ya kai barci ya ƙaurace mata makonni, ta bar abinci, ta bar abin da take so, ko ta fara cewa gara mutuwa, to wannan ya wuce ɗabi'a ya zama ciwon damuwa, yana kuwa da magani. Akwai likitocinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, a kai ta da wuri.