Noma a Gindin Masana'antu: Manomin Zawaciki da Damina Marar Alƙawari

Dattawan ƙasar Kumbotso sun tashi sun tarar ruwan shuka na sauka tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Abin da ƙasar Kano ke samu a shekara bai cika nisa da milimita 800 ba, kuma yakan ishi gero da dawa idan ya rabu daidai. Rabon ne ya lalace. Ruwa zai sauka a yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku har tsiro ya ƙone. Agusta na kamawa sai ya zo a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya, ya share kunya, ya yanka kwazazzabo a tsakiyar gona.

Manomin wannan yanki ba baƙon fari ba ne. Ya ga na 1973, ya ga na 1984, kuma dabarunsa sun girmi duka biyun. Ba ya zuba iri ɗaya a gona. Gero mai saurin nuna yana gaba, dawa na biye, wake da gyaɗa a tsakani, ta yadda in ruwa ya yanke da wuri ba za a tashi hannu rabbana ba, ko ba komai akwai harawar da za a ba tumaki. Yakan yi binne tun kafin ruwan farko, yana sane cewa wataƙila sai ya sake shuka. Yakan karya kunya ta gitta gangare don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, ya bar gamba a kan iyaka ta riƙe gefen gona. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba. Sirrin taki ne: kashin awaki da tumaki, da tokar murhu, da sharar birni da jakuna ke kaiwa gonaki. Yau an ƙara da irin wake mai saurin nuna da cibiyar IITA ta Kano da ta IAR Samaru suka fitar, ga kuma hasashen damina da hukumar NiMet ke bayarwa duk farkon shekara.

Sai dai duk waɗannan dabaru gona suke buƙata, ita kuwa gonar ce ke ƙarewa. Zawaciki, da ke ƙasar Kumbotso, na kan hanyar Panshekara, kusa da rukunin masana'antun Challawa, kuma tun da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Janairun 2023 darajar fili ta ƙara tashi. Duk gonar da aka yanka fulotai aka dasa bulo, ruwan da take sha a da kan maƙwabciyarta zai gangara. Ga masu ɗiban yashi da ke cika tifofi a bakin kogin Challawa, suna rarake gaɓa har ta zube da fadamar mutane. A ganina kuskure ne a ɗora wannan zaizaya a kan sauyin yanayi kaɗai, domin da hannunmu a ciki dumu-dumu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne noman rani, wanda shi ne mafakar manomi idan damina ta gaza. Ruwan da kamfanonin jima na Sharada ke saki yana bin rafin Salanta ya faɗa Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi da Jakara. Jimar fata ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, kuma masu bincike sun sha samun kuromiyam da ƙarafa irinsa a ƙasa da ganyen da ake ba wannan ruwa. Mai latas da alayyafo ya san warin ruwan, ya san launinsa. Ba shi da kuɗin haƙa rijiyar burtsatse ne, kuma iyalinsa na jiran cefane. Ganyen nan kasuwanninmu yake zuwa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun nuna abin da ke yiwuwa. Daga 1983, da taimakon masanin noma Tony Rinaudo, manoma suka daina tumɓuke kututturen gawo da kalgo da sabara, suka riƙa zaɓen tsiro suna renonsa, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Aikin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci tararsa a kai ba.

Irin wannan tabbaci ne manomin Zawaciki ya rasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin da ke kai ce. Wa zai reni gawo shekara goma a gonar da bai san ranar da za a zo aunawa ba? Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ya ware dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kason Kano ya kamata ya fara da shata fadamar Challawa a hana gini da ɗiban yashi a cikinta, sannan a tilasta wa kowace majema tace ruwanta kafin ya bar harabarta.