Akhuwat: Rancen da ake karɓa a masallaci don rufin asirin iyalan Lahore

A shekarar 2001, a wata unguwar talakawa da ake kira Rasool Park a birnin Lahore na ƙasar Pakistan, wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗawainiyar gida ta nemi taimako, amma da sharaɗi. Ta ce ba ta son sadaka. Rance take so, kuma wanda babu kuɗin ruwa a kansa. Aka haɗa mata rupee 10,000, ta sayi kekunan ɗinki biyu ta kama sana'a, bayan wata shida ta mayar da kuɗin cif-cif. Mutumin da ya tsaya aka ba ta wannan rance shi ne Dakta Muhammad Amjad Saqib, kuma daga nan ne ƙungiyar Akhuwat ta samo tushe, wadda a yau ake lissafa ta cikin manyan cibiyoyin bayar da rance marar ruwa a duniya.

Kafin mu shiga yadda take aiki, yana da kyau mu fahimci irin garin da ta tashi a cikinsa. Lahore ce hedikwatar lardin Punjab, kuma ƙidayar 2017 ta nuna mazaunanta sun haura miliyan 11. Ɗimbin talakawanta suna zaune ne a unguwannin da ake kira katchi abadi, wato matsugunan da suka tsiro ba tare da tsarin hukuma ba, inda iyali guda kan cushe a ɗaki ɗaya ko biyu, sau da yawa na haya. Iyali irin wannan ba a dare ɗaya yake wayar gari a titi ba. Maigida ne zai kwanta rashin lafiya na wata biyu, a cinye ɗan jarin da yake juyawa, kuɗin haya ya taru, sai a nufi mai ba da bashi da ruwa. Ruwan yana hauhawa wata bayan wata har ya zarce uwar kuɗi, daga nan a sayar da abin sana'a, a cire yara daga makaranta, a ƙarshe mai gidan haya ya ce a tashi. A wuraren gasa jan bulo da ke kewaye da birnin, bashin da ake karɓa tun kafin a yi aiki, wanda suke kira peshgi, yakan ɗaure iyali sukutum shekara da shekaru, duk da cewa dokar ƙasar ta 1992 ta haramta aikin bauta don biyan bashi.

Dakta Saqib ya ga wannan da idonsa. Likita ne da ya yi karatu a Kwalejin King Edward da ke Lahore, amma ya shiga aikin mulki a 1985, daga baya ya yi shekaru yana aiki da wani shirin raya karkara na Punjab da ke ba talakawa ƙananan basussuka masu ruwa. A wancan zamani duniya tana ta yabon tsarin bankin Grameen na Bangladesh, wanda ya kai Muhammad Yunus ga lambar Nobel a 2006. Tsarin ya buɗe wa talaka ƙofar da bankuna suka rufe, wannan gaskiya ne, sai dai talakan yana biyan ruwan da yakan fi wanda attajiri ke biya. Wannan ne ya tsaya wa Saqib a rai. A 2003 ya ajiye aikin gwamnati ya duƙufa ga Akhuwat.

Sunan ƙungiyar daga Larabci yake, ma'anarsa 'yan'uwantaka, kuma waɗanda suka kafa ta sun sha faɗa cewa abin koyinsu shi ne 'yan'uwantakar da Manzon Allah (Sallallahu alaihi wa sallam) ya ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru bayan Hijira. Ɗalibanmu sun san wannan babi na Sira, amma sau da yawa muna karanta shi a matsayin labarin soyayya don Allah kawai, mu manta cewa Muhajirai iyalai ne da suka rasa muhalli. Sun bar gidajensu da dukiyoyinsu a Makka, sun iso garin manoman dabino alhali mafi yawansu fatake ne. Matsalar da ke gaban Madina ita ce inda za su kwana da abin da za su ci, kuma ba a warware ta da kafa musu sansani a bayan gari ba. Gida-gida aka raba su.

Abubuwa biyu daga wannan tarihi suna haska abin da Akhuwat ke ƙoƙarin yi. Na farko shi ne ƙissar Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'u (Allah Ya yarda da su). Sa'ad ya yi wa ɗan'uwansa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Ya fara da cuku da man shanu, ba a jima ba ya yi aure da guminsa. Na biyu bai kai na farko shahara ba: bayan buɗe Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira, da Muhajirai suka sami wadata, sun mayar wa Ansaru itatuwan dabinon da aka ba su su ci amfaninsu. Ashe wani ɓangare na taimakon aro ne mai mutunci, wanda ya koma hannun masu shi da hali ya samu.

Babban rancen da Akhuwat ke bayarwa ta sa masa sunan iyali, wato rancen sana'ar iyali. A ƙa'idarta, ko miji ne ya nema ko mata, ana son wani daga cikin gidan ya sa hannu tare da shi, domin ya zama gidan ne ya ci bashin da saninsa. Wannan ya saɓa wa salon da ya yaɗu a Kudancin Asiya, na ba mata kaɗai rance. Hujjar Akhuwat ita ce, idan mace ta karɓo kuɗi mijin ya karɓe ya juya, ita ce za a zo nema ranar biya, sai bashin ya zama sanadin husuma a gidan da aka so a tallafa. Akwai masu ganin cewa sharaɗin sa hannun zai iya tauye matar da mijinta ya ƙi amincewa, kuma ba mu ga dalilin yin watsi da wannan ƙorafi ba. Duk da haka, wanda ya taɓa zama sulhunta ma'aurata a kan bashin da ɗaya ya ci a ɓoye ya san nauyin hujjar ƙungiyar.

Ba a neman jingina. Ana neman masu tsaya wa mutum daga cikin waɗanda suka san shi, ko kuma 'yan unguwa kaɗan su haɗu su lamunci juna. Ma'aikaci zai je ya ga gidan da wurin sana'ar, ya tambayi maƙwabta. Abin da ake saya da kuɗin ƙanana ne: keken ɗinki, amalanken sayar da kayan marmari, kayan ɗan shago, gyaran babur mai ƙafa uku. Ana biya wata-wata, abin da aka karɓa shi ake mayarwa.

Sai kuma wurin da ake miƙa kuɗin, wanda shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. A masallaci ake taruwa, kuma masallacin Shah Jamal na Lahore yana cikin wuraren da wannan al'ada ta fara kafuwa. A unguwannin Kiristoci akan yi taron a coci, domin ƙungiyar ba ta tambayar addinin mai nema, kuma Kirista yakan zauna a masallaci ya karɓi nasa a jere da Musulmi. Amfanin wannan ya wuce tabarruki. Ba a biyan hayar zauren taro. Ana miƙa kuɗin a bainar jama'a, saboda haka da wuya ma'aikaci ya gutsuri wani abu ko ya nemi na goro. Wanda kuma ya ɗauki alkawari a gaban limaminsa da maƙwabtansa yana jin kunyar saɓawa fiye da wanda ya sa hannu a takardar banki. Su kansu ofisoshin Akhuwat an san su da sauƙi, ƙananan ɗakuna ne a cikin unguwa, a ƙasa ake zama, ma'aikaci da mai nema gwiwa da gwiwa. Rage kashe kuɗi irin wannan wajibi ne ga wanda ya haramta wa kansa ruwa, tun da babu inda zai fanshe almubazzaranci.

Game da muhalli kai tsaye, rance iri biyu ne suka fi taɓa shi. Akwai wanda suke kira rancen 'yantarwa: ana biyan mai ba da bashi da ruwa kuɗinsa gaba ɗaya, sannan iyalin su riƙa biyan Akhuwat a hankali ba ƙari. A ganinmu wannan ne ya fi kusa da tushen cutar, domin yana tare iyali tun kafin a kai ga fitar da kayansu waje. Akwai kuma rancen gini, na ƙara ɗaki, ko zuba rufi, ko yin banɗaki. A 2019 gwamnatin tarayyar Pakistan ta ware rupee biliyan 5 ta hannun Akhuwat domin rancen gina ƙananan gidaje ba ruwa, ga waɗanda suke da ɗan filinsu amma suka kasa ɗora bulo a kai. Ban da waɗannan akwai rancen magani, da na karatu, da na aurar da 'ya'ya, wato ƙofofin da talauci ya saba shigowa ta cikinsu.

Ɗalibin fiƙihu zai yi tambaya, kuma ya kamata ya yi: in babu ruwa, da me ake biyan ma'aikata? Amsar ita ce gudummawar masu hali, da ɗan kuɗin cike takarda, da kuɗin gudanarwa da gwamnati ke biya a shirye-shiryen da ta ba ƙungiyar amana. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar ladan hidimar rance matuƙar bai wuce ainihin abin da aka kashe ba, ta kuma ce duk abin da ya ƙaru a kan haka riba ce haramtacciya. Wannan ma'auni ne mai tsauri, kuma da shi ya dace a riƙa auna kowace cibiya da ke kiran rancenta ƙardul hasan, har da Akhuwat.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne al'adar ƙungiyar ta ƙarfafa wa masu cin bashi su riƙa jefa ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu, don wani ma ya samu. Manufar tana da kyau: wanda ya miƙa hannu jiya ya zama mai bayarwa yau. Sai dai ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce, duk ƙarin da aka shardanta a kan rance riba ne, ƙarin da mai biya ya yi don kansa kuwa halas ne, kamar yadda ya tabbata cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Malaman Malikiyya ma sun ƙara tsanantawa a kan kyautar da mai bashi ke yi wa wanda yake binsa kafin ya gama biya. Akhuwat ta ce gudummawar ta ganin dama ce, kuma ba ta shiga aljihun kowa. Mun karɓi wannan, da sharaɗin kada wanda bai bayar ba ya ga an jinkirta masa rance na gaba. Ranar da hakan ta zama al'ada, sunan sadaka ba zai canza hukuncin ba.

Girman da ƙungiyar ta yi abin mamaki ne. Lokacin da aka ba Dakta Saqib lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2021, masu bayar da ita sun ambaci rance miliyan 4.8, da kuɗinsu ya kai kimanin dala miliyan 900, kuma an mayar da kashi 99.9 cikin ɗari. Amma adalci ne a faɗi cewa ba sadakar jama'a kaɗai ta kai ta nan ba. Tun daga 2011, da gwamnatin Punjab ta damƙa mata asusun shirinta na dogaro da kai, kaso mai yawa na kuɗin da take juyawa na hukuma ne. Hakan ya faɗaɗa aikin ƙwarai, ya kuma ɗaura wani ɓangarensa a kan ra'ayin gwamnatocin da ke zuwa suna wucewa.

Akwai kuma waɗanda wannan tsari bai kai gare su ba. Mai neman rance yana buƙatar katin shaidar ɗan ƙasa, da mazauni a yankin reshen, da mutanen da za su tsaya masa, da ƙarfin yin sana'a. Rancen gini yana buƙatar fili. Iyalin da suka riga suka faɗa titi galibi sun rasa duk waɗannan. Su ne ake gani a kewayen Data Darbar, hubbaren Shaihu Ali Hujwiri, suna jiran abincin sadaka da ake rabawa dare da rana, suna kwana a bakin hanya cikin sanyi da hazon Disamba. Irin waɗannan haƙƙinsu yana cikin zakka, wadda jumhurun malamai suka ce mallaka ake yi wa mabuƙaci, ba a ranta masa ita, ko da yake wasu malaman wannan zamani sun halatta bayar da rance daga kason masu bashi. A ƙarshen 2018 gwamnati ta fara buɗe gidajen kwana da ake kira Panagah a Lahore, ciki har da na kusa da Data Darbar da na tashar jirgin ƙasa, inda ake samun gado da abinci kyauta. Wuraren kwana ne na ɗan lokaci, da suka fi dacewa da leburan da ya zo ci-rani shi kaɗai fiye da uwa mai 'ya'ya huɗu da kayan ɗakinta a ƙulle cikin zani.