Shirin Musamman: Wa Zai Gwada Lissafin Kwamfuta?

Duk magatakardan bankin cimaka ko na ƙungiyar manoma da ke ajiye lissafinsa a Excel, daga Kore Mairuwa har Tibiri da Dogon Dutsi, ya matso kusa da rediyo.

Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, amma abin da aka nuna mata shi take tarawa. A 2010 wasu malaman jami'a, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikinta, tattalinta kan ja baya. Manyan ƴan siyasa suka yi ta kafa hujja da zancen. Sai a 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya buɗe jadawalinsu na Excel ya tarar an tsallake ƙasashe biyar wajen lissafi. Malaman jami'a fa!

To, ina mafita? A Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, Margaret Burnett da Gregg Rothermel da abokan aikinsu sun ƙera manhajar da ke ƙirƙiro lambobin gwaji da kanta. Takan bi ƙa'idar lissafin reshe-reshe, duk inda aka ce "idan kaza ne, a yi kaza", ta nemo lambar da za ta bi ta wannan reshen ta zuba. Gurbin da ba a gwada ba a zagaye shi da ja. Gwaji na ƙaruwa yana komawa shuɗi.

Mu kawo shi gida. A ce doka ita ce wanda ya ranci tiya 10 ta hatsi ko fiye zai ƙara tiya 2 da kaka. Manhajar za ta gwada lambar da ba ta kai 10 ba, kamar 9, sannan ta gwada wadda ta kai 10 ko fiye, kamar 11. Amma ba ta san cewa da manomi ya ce "ɗari biyu", dala yake nufi, wato jika guda, ba faran 200 ba. Ita tana kawo tambaya ne; mai cewa "daidai ne" ko "da gyara" mutum ne.

Saboda haka, malam magatakarda, ko ba ka da wannan manhaja, kafin ranar rabo ka zuba sifili, ka bar gurbi wayam, ka saka lissafin da ka san amsarsa da ka. In Excel ya saɓa maka, kada ka kira taro tukuna.