Daga Maraɗi zuwa Katsina: Dalilin da ya sa bizar ziyara ke yi wa sabon zuwa wuya

A birnin Katsina, mutumin Maraɗi ba ya jin baƙunta. Harshe ɗaya ne, ga auratayya, kuma tarihi ya nuna sarakunan Haɓe na Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. Shi ya sa ɗan Nijar kan shigo ta Jibiya, ya kama haya, ya buɗe shago a Babbar Kasuwa, ya yi shekara ba wanda ya tambaye shi takarda.

Ranar da ɗansa da ke karatu a Faransa ko ƙanwarsa da ke aure a Ingila ta gayyace shi ziyara, ranar zai gane cewa jami'in biza ba ya aiki da zumunci. Abu biyu yake son gani a rubuce: a ina kake zaune bisa doka, kuma me zai dawo da kai.

A ina ake nema?

Dokar bizar ƙasashen Turai na yankin Shengen ta ce mutum ya nema a ofishin jakadancin da ke kula da inda yake zaune bisa doka. Wannan ya ƙara muhimmanci tun watan Janairun 2024, lokacin da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta da ke Yamai bayan taƙaddamarta da sojojin da suka karɓi mulki a ranar 26 ga Yulin 2023. Ɗan Nijar da ke Katsina zai so ya nema a Abuja, amma sai ya nuna shaidar cewa zamansa a Najeriya halastacce ne.

Birtaniya ta fi sassauci a nan, domin tana karɓar neman bizar ziyara daga kowace ƙasa da take da cibiyar karɓar takardu. Sai dai ita ma tana duba matsayin mutum a ƙasar da ya nema.

Wani abin lura shi ne, wasu dokokin fasfo suke bi, ba adireshi ba. A watan Disambar 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanya Nijar cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka. Komawa Katsina ba ya cire mai fasfon Nijar daga wannan jeri.

Kwana 90 ba izinin zama ba ne

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba tare da biza ba na tsawon kwana 90. Wanda zai wuce haka ana son ya nemi katin izinin zama daga Hukumar Kula da Shige da Fice ta Najeriya. A garuruwan kan iyaka mutane da dama ba sa damuwa da wannan kati, saboda rayuwa tana tafiya ko babu shi.

Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙungiyar ta ce 'yan waɗannan ƙasashe za su ci gaba da cin moriyar zirga-zirga da zama har zuwa wata sanarwa. Wato alfarma ce da za a iya sauyawa, don haka mai hankali zai gyara takardunsa tun ƙofa tana buɗe.

Ba ka can, ba ka nan

Babbar matsalar sabon zuwa ita ce ya bar gida, kuma bai riga ya kafu a inda ya sauka ba. Ya sayar da gonarsa a Madarunfa, a Katsina kuma hayarsa ta baka ce, cinikinsa na tsabar kuɗi ne, asusun bankinsa bai wuce wata biyu ba. A idon jami'in biza, wanda ya bar ƙasa ɗaya kwanan nan ba zai yi masa wuya ya bar ta biyu ba.

Maganin ba ya wuce haƙuri da tara shaida: yarjejeniyar haya a rubuce, rajistar kasuwanci, rasitin kuɗin makarantar yara, da asusun banki da ke nuna shige da ficen kuɗi na watanni. Zuba maƙudan kuɗin aro a asusu ana saura mako guda a nema ya fi jawo zargi fiye da taimako.

Ga mai neman bizar Shengen, kuɗin nema ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an ƙi. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfon da zai kai wata uku bayan ranar dawowa. Idan aka haɗa da kuɗin mota daga Katsina zuwa Abuja da masauki, garajen nema asara ce mai yawa.

Gajeriyar hanya mai tsada

Akwai dillalan da ke yi wa baƙi tayin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma domin su sami fasfon Najeriya. Wannan laifi ne, kuma yanzu da ake ɗaukar hoton yatsu, mutum ɗaya mai asali biyu ba ya ɓuya. Birtaniya tana iya hana wanda ta kama da ƙarya biza har na shekara 10.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi hanyoyi na halal. Wanda aka haifa a waje amma uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma iyalai da yawa tsakanin Katsina da Maraɗi sun shiga wannan rukuni ba su sani ba. Matar da ke auren ɗan Najeriya tana iya neman rajista. Mafi yawan saura kuma sai sun yi zaman shekara 15 kafin su nemi zama 'yan ƙasa.

Don haka kafin a cike fom ɗin kowace ƙasa, ofishin farko da ya kamata sabon zuwa ya taka shi ne na shige da fice da ke nan Katsina.