Koya Wa Yara Kiɗa Ba Koya Musu Roƙo Ba Ne

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin jama'a, har masu ilmi suna maimaita ta ba tare da bincike ba, cewa wai duk ƙungiyar da ta tara kuɗin mutane ta saya wa 'ya'yan talakawa kayan kiɗa, ta ɗauko musu malami, to almubazzaranci ta yi, kuma makomar yaran roƙo ne da yawon banza. Hukuncin kiɗa a Shari'a fage ne na malamai, sun daɗe suna saɓani a kansa, har Imam Gazali ya keɓe masa babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, ni kuwa ba zan shiga ba. Abin da nake musu a kansa shi ne da'awar lalacewar yara, domin ita ba fatawa ba ce, zato ne, zato kuwa da hujja ake gwada shi.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Rosemary Nalden, gwanar gogen Turawa, ta ji labari a rediyon BBC cewa akwai yara a Diepkloof, wata unguwa ta Soweto a Afirka ta Kudu, masu son koyon goge amma ba su da kayan kirki, sai a shekarar 1992 ta tattara abokan sana'arta kimanin 120 suka tsaya a tashoshin jirgin ƙasa na Ingila suna kiɗa, matafiya suna jefa abin da ya sawwaƙa. Da wannan ɗan taro aka kafa ƙungiyar Buskaid, wadda ta buɗe makarantarta a Diepkloof a 1997, bayan shekara goma kuwa, a 2007, ɗalibanta suka yi wasa a babban bikin kiɗa na BBC a Landan. Ɗaya daga cikinsu, Samson Diamond, ya yi karatu a Mancesta, ya koma gida ya zama jagoran ƙungiyar masu goge ta jami'ar da ke Bloemfontein.

To, ina roƙon yake a nan? Mu da muka tashi muka tarar makaɗi yana bin mai sarauta da mai dukiya, ɗansa kuma ya gaje shi, shi ya sa da mun ji an ambaci goge sai zuciyarmu ta tafi dandali, alhali kuwa abin da ake yi a irin wannan makaranta ya fi kusa da zaman ɗalibi gaban malaminsa. Yaro zai zo bayan an tashi daga makarantar boko, ya shafa wa tsagiya ƙaro, ya daidaita tsirkiyoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya maƙale gogen ƙarƙashin haɓa, sa'an nan ya yi ta jan sauti guda, wanda a farkon lamari ba ya da daɗin ji ko kaɗan, malami yana gyara masa yatsa yana cewa sake, har watanni su shuɗe kafin ya fitar da abin da kunne zai karɓa. Wanda bai iya haƙuri ba, da wanda ba ya zuwa a kan lokaci, da wanda ba ya sauraron na kusa da shi domin sautinsu ya zo ɗaya, duk ba za su daɗe a wurin ba. Manyan ɗalibai kuma su ake horarwa su koyar da ƙanana, wato yaro ya sami sana'a ya kuma ɗauki amana. Abin takaici shi ne masu wannan suka ba su taɓa tambayar inda yaron zai kasance a waɗannan sa'o'i ba in da babu makarantar. Talauci da miyagun abokai su ne ke lalata yaro, kuma ba su jiran goge.

Ban ce kowace ƙungiya abar yarda ce ba, domin ƙananan ƙungiyoyi sun fi saurin faɗawa hannun maciya amana, saboda haka wajibi ne mai niyyar bayarwa ya bincika. Ya tambayi takardar rajista, ya nemi lissafin shekara a rubuce, ya ga nawa ya tafi ga albashin malamai da gyaran kaya, nawa kuma ya tafi ga ofis da buki. Ya je da ƙafarsa ranar da ba a sa ran baƙo, ya duba ko darasi na gudana. Kada ya ruɗu da sayen sababbin kaya, domin tsirkiya tana tsinkewa, malami yana bukatar abinci kowane wata, kuma kaɗan mai ɗorewa ya fi kyauta mai yawa sau ɗaya amfani. Uba kuma, in zai ba da ɗansa, ya san malamin da sunansa da halinsa, ya shardanta cewa ba za a keɓe da yaro a ɗaki rufe ba, ba za a fita da shi wasa da dare ba sai da izni da rakiya, darasi kuma ba zai ci lokacin salla ko na karatu ba, in kuwa ya ga sakamakon jarrabawa ya fara ja da baya, ya je ya zauna da malamin tun zangon bai ƙare ba.