Sukuwa a waya: Yadda cacar tseren dawaki ke hararar kuɗin kakar matasan Haɗeja

A farkon watan Nuwamba ruwa ya fara janyewa daga fadamun Haɗeja. Ana yankan shinkafa, ana kakkaɓe riɗi, kuɗin kaka na shiga hannun manoma da 'yan ƙwadago. A daidai wannan makon ne ake jera duƙusai har 12 a kan ciyawa can a Amurka, a buɗe musu ƙofa su zabura. Kafin mai shayi ya gama haɗa kofi ɗaya an kammala tseren, domin kusan minti guda yake ɗauka.

A da, babu abin da ya haɗa manomin Auyo ko masuncin Guri da wannan tsere. Yanzu wayar hannu ta haɗa su. Duk mai data da asusun banki yana iya shiga shafin caca daga ɗakinsa, ya zuba kuɗi a kan dokin da bai taɓa gani ba, a filin da bai san inda yake ba.

Galibin masu caca a Arewa ƙwallon ƙafa suke bi. Sai dai manhajojin suna ajiye dawaki kusa da ƙwallon, kuma a garin da doki ke da daraja irin ta Haɗeja, tarko ne mai sauƙin faɗawa: mutum yana ganin ya san doki, don haka zai gane wanda zai ci.

Garin da ya san doki

Sanin dokin Bahaɗeje ba a baki kawai yake ba. A tsakiyar ƙarni na 19, da rundunar mahaya Sarki Buhari ya gagari maƙwabtansa, ya kuma bijire wa Sakkwato har ya rasu a 1863. A watan Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga sojojin Birtaniya, aka kashe shi tare da manyan jarumansa a cikin gari, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Yaƙi ya wuce, doki ya zauna. Ana ganinsa a hawan Sallah na Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan karaga tun 2002. Ana ganinsa a hawan angwanci da kilisar yamma. Fadama tana ba shi burgu, gona tana ba shi harawa da dawa, kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar tana kawo sabbin dawaki.

Sukuwar gasa ma ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kano tana da filin sukuwarta a unguwar Nassarawa, Dandalin Murtala na Kaduna filin sukuwa ne tun asali, kuma garuruwa irin su Katsina, Sakkwato, Zariya da Bida kan shirya gasar da mahaya ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. A irin wannan taro, mai doki yana neman kofi da suna. Ɗan kallo kuma ya ga dokin da idonsa: tafiyarsa, numfashinsa, yadda yake karɓar linzami.

Mai caca a waya ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Suna da lamba kawai yake gani.

Wane tsere ne wannan?

Sunansa Breeders' Cup Juvenile Turf Sprint. Yana cikin jerin gasannin Breeders' Cup da aka fara a 1984, waɗanda ke rufe kakar tseren dawaki a Amurka kowace shekara. Shi wannan na duƙusai 'yan shekara biyu ne, maza da mata, a kan ciyawa, kuma tsawonsa mita 1,000 ne zuwa 1,100 gwargwadon filin da aka yi shi. Kuɗin da ake raba wa masu dawakin da suka yi fice dala miliyan 1 ne.

An fara shi a 2018 a filin Churchill Downs na jihar Kentucky. Dokin da ya ci a ranar, Bulletin, sau ɗaya tak ya taɓa fita tsere kafin nan. Daga 2019 zuwa 2021 mai horarwa ɗaya ne, Ba'amurke Wesley Ward, ya lashe sau uku a jere da dawaki uku daban-daban, kuma mahayi ɗaya, Irad Ortiz Jr., ya hau dukkansu.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida ya sha mamaki, domin daga nan sai kofin ya koma Turai. A 2022 Mischief Magic na bargar Godolphin, mallakar Sarkin Dubai Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, ya ci. A 2023 Big Evs daga Ingila ya ɗauka, a 2024 kuma Magnum Force daga Ireland. A tseren na 2024, dokin Japan mai suna Ecoro Sieg, wanda masu caca suka fi zuba wa kuɗi, ko cikin ukun farko bai shiga ba.

An yi wannan tseren ne a filin Del Mar na jihar California, wadda Najeriya ke gaba da ita da awa takwas a lokacin. Ranar Juma'a da rana ce a can, a Haɗeja kuwa dare ya riga ya yi, lokacin da matasa ke zaune a majalisa kowa da wayarsa.

Dalilin da ya sa duƙushi ke da wuyar hasashe

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san duƙushi ba ingarma ba ne. Bai gama girma ba, bai gama sanin linzami ba, hayaniyar jama'a tana iya firgita shi. Yau ya yi gudu kamar iska, gobe ya ƙi fita daga ƙofa da wuri.

Akwai kuma batun shekaru. A ƙa'idar tsere ta Turai da Amurka, ana lissafa wa kowane doki ƙarin shekara ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Wanda aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Mayu duk 'yan shekara biyu ne a takarda, alhali wata uku a jikin duƙushi ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sannan tarihin gudunsu gajere ne. Da yawa ba su wuce tsere uku zuwa shida ba a rayuwarsu, wasu a Ingila, wasu a Ireland, wasu a Amurka ko Japan, kuma da yawansu ba su taɓa haɗuwa a fili ɗaya ba. Na Turai sun fi sabawa da miƙaƙƙen fili a gajeren tsere, a Amurka kuwa dole su sha kwana. Wasu sun yi doguwar tafiya a jirgin sama kafin su iso.

A tseren mita 1,000 babu lokacin gyara kuskure. Dokin da ya makara da taku biyu a ƙofa, ko aka tare masa hanya a kwana, ya tafi ke nan. Ko a sauran tsere, abin da aka daɗe da sani shi ne dokin da aka fi sa wa rai yana cin kusan ɗaya ne cikin uku. Sau biyu cikin uku, zaɓin mafi yawan jama'a faɗuwa yake yi.

Inda kuɗin ke tafiya

A filayen Amurka da Faransa, tsarin cacar shi ne a tara kuɗin kowa wuri ɗaya, mai gidan caca ya cire kasonsa tun kafin dawaki su tashi, sannan a raba ragowar ga waɗanda suka dace. A Amurka kason yakan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin 100, gwargwadon jiha da irin cacar.

A ɗauka mutum 100 sun zuba naira 1,000 kowanne, an tara 100,000. Idan an cire kashi 20, saura 80,000. Idan mutum 40 ne suka zaɓi dokin da ya ci, kowanne zai karɓi 2,000, sauran 60 su tashi hannu rabbana.

Abin lura yana gaba. Idan aka mayar da 80,000 ɗin a tsere na biyu, za ta koma 64,000. A na uku 51,200, a na huɗu 40,960, a na biyar 32,768. Tsere biyar kacal, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin jama'a sun koma aljihun mai gida, ko wane doki ne ya ci.

Manhajojin da ke bayar da tsayayyen farashi ma haka suke, illa dai kasonsu a cikin farashin yake ɓoye. Cacar da ta fi jan hankali kuwa, wadda ake cewa da ɗan kuɗi kaɗan za a ci miliyoyi, ita ce ta fi wuya. Jera na ɗaya da na biyu da na uku daidai a cikin dawaki 12 yana da hanyoyi 1,320.

Maƙwabta a Nijar sun daɗe da sanin wannan lissafi. A can hukumar cacar ƙasa, LONANI, tana sayar da tikitin PMU a kan tseren da ake yi a filayen Faransa. Mai son jera dawaki biyar daidai a cikin 16 yana neman hanya ɗaya ce a cikin 524,160.

Akwai kuma wanda ya fi duka haɗari: dawakin kwamfuta. Waɗannan hotuna ne kawai da ke tsere duk bayan 'yan mintuna, dare da rana, kuma na'ura ce ke fitar da sakamakon. Babu barga, babu mahayi, babu jini. Sanin doki ba ya amfani a nan, domin dokin kara ma ya fi su zama doki.

Abin da malamai da doka suka ce

Musulunci bai hana tseren dawaki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tsere a Madina, ya ware wa horarrun dawaki doguwar tazara, waɗanda ba a horar ba kuma gajera. Wani hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya halatta sanya kyauta a gasar harbi da ta raƙuma da ta dawaki.

Malaman Malikiyya sun yarda da kyautar da wani daban ya sanya, kamar sarki ko attajiri, wanda ya yi nasara ya ɗauka. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne 'yan kallo su zuba kuɗi, wanda dokinsa ya ci ya kwashe na sauran. Wannan ita ce cacar da aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka haramta tare da giya, suka kuma ambaci gaba da ƙiyayyar da take haddasawa.

Ta fuskar doka, Jigawa tana cikin jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma caca laifi ce a ƙarƙashinta. Shekaru da dama kamfanonin caca suna kafa hujja da lasisin gwamnatin tarayya a ƙarƙashin dokar caca ta ƙasa ta 2005. Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Legas da wasu jihohi suka shigar, cewa ikon tsara harkar caca na jihohi ne, dokar tarayya kuma a Abuja kaɗai za ta yi aiki.

A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a watan Oktoban 2024, bayan hukuncin kuma ta ce za ta ci gaba. Amma shago ake iya garƙame wa kwaɗo. Wayar da ke aljihun matashi ba ta da ƙofa, kuma tura kuɗi daga asusu zuwa manhaja bai fi daƙiƙa kaɗan ba.

Kuɗin da ba na wasa ba

A fadamar Haɗeja kuɗin kaka ba rara ba ne. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki masu yawa, har matasa suka riƙa kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga don kare gari. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a wurare da yawa, ta rage wa manoma da masunta abin samu. Abin da ya tsira a shekara, shi ne na biyan bashin taki, na man injin ban-ruwa, na irin alkama da shinkafar rani, na kuɗin makaranta da lefe.

Idan wannan kuɗi ya tafi a dare ɗaya, ba mutum ɗaya ya yi asara ba. Noman rani ne ya tsaya, ɗan ƙwadagon da zai yi aiki a gonar ya rasa, mai shagon da ya bayar da taki bashi ya shiga jira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca a jerin cututtukan da ake magani, kuma ta ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita. Alamominta sanannu ne: mutum ya riƙa komawa don ya fanshe abin da ya rasa, ya ci bashi ko ya sayar da kaya don ya buga, ya ɓoye wa iyalinsa, ya kasa dainawa ko da ya yi niyya. Likitocin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin Kazaure da Dawanau, su ne ke duba irin wannan matsala, kuma ba sai ta kai ga sayar da gona ake zuwa ba.

Matashin da ke sha'awar doki yana da inda zai kai sha'awarsa. Barga tana buƙatar masu wanki da yankan ciyawa, masu dawaki suna neman mahaya marasa nauyi, masu ɗinka sirdi da kayan ado suna da kasuwa duk Sallah. A Maigatari kuwa, ranar Alhamis, dillali ba ya sallama kuɗi sai ya buɗe bakin doki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa yaro ya hau ya zagaya da shi a gabansa.