Apache da Soji a Finafinan Kaboyi

Wanda ya saba bin hanyar Keita zuwa Buza, in ya kalli fim ɗin kaboyi ba zai ga baƙuwar ƙasa ba: jan dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, kwari, ƙaya da ƙura. A irin wannan ƙasa, can kudu maso yammacin Amurka, ƙabilar Apache ta shafe fiye da shekara 20 tana gwabzawa da sojin gwamnati a kan ƙasar kakanninta. An kai ƙarshe a Satumban 1886, da Geronimo ya miƙa wuya ga Janar Nelson Miles. Soji wajen 5,000 aka baza neman mutanen da ba su kai 40 ba, har da mata da yara.

Masu fim sai suka kifa lissafin. A wurinsu soji ne 'yan kaɗan cikin bariki, Apache kuwa ga su nan a kan tudu kamar fara. Kyamara na ɓangaren soji. Ka san sunan kowa, da matarsa, da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Na waje, sai ihu da kibiya.

John Ford ya ɗan sassauta a Fort Apache na 1948. Henry Fonda ya fito a kwamanda mai ji da kai, wanda ya yaudari shugaban Apache, Cochise, ya toshe kunne ga shawarar John Wayne, ya kai yaransa ga halaka. Duk da haka rundunar ta rufa masa asiri. A Broken Arrow na 1950 an ba Cochise baki da dattako, sai dai Bature ne, Jeff Chandler, aka shafa wa launi.

Ɗan Adar da ke tafa wa soji ya tuna 1899, shekarar da ayarin sojin Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni, yamma da Madawa, bayan ya kara da Sarauniya Mangu a Lugu. Sai a 1986 Med Hondo ya kafa kyamara a ɓangarenta.

Mustafa Alasan, wanda ya yi dogon zama a Tawa, shi ma ya yi nasa kaboyin, Le Retour d'un aventurier, a 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da tsarabar huluna da bindigogi, abokai suka yi shigar kaboyi, suka haye dawakai. Babu Apache a ciki. Mutanen ƙauyensu suka addaba.